Dusa, kwalba da ruwan zafi: wasiƙa daga Jamus zuwa Bukuru

Zuwa ga Yayana,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da Mama da yara. Na ga saƙonka game da tsadar abincin dabbobi, da tambayar da ka yi ko Turawa ma suna ba shanunsu dusar giya. Suna ba su ƙwarai, kuma tunda a ƙaramin gidan dafa giya nake aiki, kusa da birnin Bamberg a arewacin jihar Bavariya, zan faɗa maka abin da idona ya gani.

Jamus tana da masana'antun giya wajen 1,500, kuma wannan yankin namu ya fi ko'ina yawan ƙanana, irin waɗanda iyali ɗaya ke riƙe da su tun kaka da kakanni. Suna alfahari da wata doka ta shekarar 1516 wadda ta ce ruwa da sha'ir da wani fure mai ɗaci da ake kira hof kaɗai za a sa. Aikin kansa bai yi nisa da na matan da ke dafa burukutu a Tudun Wada ba: a jiƙa hatsi ya yi tsiro, a busar, a niƙa, a dama, a tace, a tafasa. Su sha'ir, mu dawa. Ka san ma manyan kamfanoninmu sun koma ga dawa tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988.

Duk lita 100 da aka dafa tana barin dusa wajen kilo 20, jiƙaƙƙiya, mai tururi da ƙamshi kamar na burodi. Ni ne nake kwashe ta da shebur in loda a tirelar wani manomi da ke zuwa da taraktansa duk ranar dahuwa, kafin azahar. Shanun madararsa da sun ji ƙarar taraktan sai su taso bakin shinge. Ba ya barin ta ta kwana a fili, domin yawancinta ruwa ne kuma cikin kwana biyu ko uku take tsami. Sai ya danne ta a rami ya rufe da leda mai kauri yadda iska ba za ta shiga ba, ta yi makonni tana nan lafiya. Wannan dabarar ce nake so ka gwada, Yaya, domin a wajen ba dabbobi dusa babu abin da za su koya mana, sai dai mu muna asarar dusa mai yawa saboda rashin adanawa. Kada ka ba su ita zalla, ka riƙa haɗawa da harawa da ciyawa, kuma in ka samu hali ka tuntuɓi likitocin dabbobi na Vom kan ma'aunin da ya dace.

Inda suka tsere mana shi ne wajen wuta. Bayan an tafasa ruwan tsiro dole a huce shi da sauri, to sai a bi da shi ta cikin wata na'ura mai faranta na ƙarfe a jere, ruwan sanyi yana wucewa ta ɗaya gefen ba tare da sun gauraya ba. Ruwan sanyin nan yana fitowa da zafin da ba ka iya sa hannu, a tara shi a tanki mai rufi, da shi za a fara dahuwar gobe. Ranar da na fara ganin haka sai na tuna tulin itacen da ake jibgewa ƙarƙashin duro a murhun duwatsu uku, rabin wutar tana tafiya iska, hayaƙi yana cin idon mai dahuwa, ga kuma duwatsun Filato da suke ƙara zama tsirara. Abin ya dame ni sosai, domin murhun laka mai kewaye da duro zai rage itacen da ake ci, kuma ba ya bukatar kuɗin Turai.

Sai batun kwalba. Kwalbar giya ta yau da kullum ana ɗora mata kuɗin ajiya na senti 8, akwatinta Yuro 1.50, gwangwani da gorar roba kuwa senti 25 tun 2003. Ka kai su kanti ka zura a na'ura, ta ba ka takardar kuɗinka. Kwalba ɗaya tana iya zagayowa har sau 50 kafin a narkar da ita. Mu ma mun san wannan tsari, tunda ba a ba ka lemo a kanti sai ka kawo kwalba ko ka ajiye kuɗinta. Gorar roba da ledar ruwa ne suka zo ba su da farashi, shi ya sa suke toshe kwalbatocin Terminus da Farin Gada a Jos duk damina, 'yan jari bola kuwa suna tsintar abin da suka iya.

Su ma suna da nasu ciwon kai. Wankin kwalba da tukwane yana shan ruwa ninkin giyar da aka dafa sau da yawa, kuma ƙaramin gida ya fi babban kamfani ɓarna a kan kowace lita. Fari na 2018 da na 2022 ya rage amfanin gonakin hof na yankin Hallertau a nan Bavariya, maigidanmu har yau yana maganarsa da damuwa.

Don Allah ka auna mini faɗi da tsayin duron da Inna Babba take dahuwa da shi, ka aiko mini, zan zana murhun in turo kuɗin magini kafin ƙarshen wata. A gaishe da Mama da kyau.

Ƙaninka.