Lebkuchen na Nurembag da nakiyar Inna

Wani dattijo maƙwabcina ne ya matsa sai mun je kasuwar Kirsimeti ta Nurembag, wani birni a Jamus, cikin sanyin Disamban nan da ke sa yatsu su ƙage. Ga cunkoso, ga warin giyarsu mai zafi ta ko'ina, har na fara ƙunƙuni. Sai ƙanshin kirfa da kanumfari ya tare ni daga wata rumfa.

Wani irin biskit ne mai taushi da kayan ƙanshi, Lebkuchen suke ce masa. Faɗinsa bai wuce tafin hannu ba, ƙasansa wani farin ɓawo ne siriri, samansa cakulan ko sukari. Ina gatsa sai ga ni a tsakar gidanmu, Inna da ƙawayenta suna kirɓa nakiyar gara, mu muna raɓe da turmi. Dattijon ma nasa ya tuna: wai mahaifiyarsa kan ɓoye gwangwanin a saman kabad, su yi ta leƙe har ranar biki.

Na tambayi mai rumfar ko da giya a ciki. Ko fuska ba ta ɓata ba, ta juya kwalin ta bi da ni layi-layi. Mai tsadar, Elisen, ƙa'ida ce almon da danginsa su kai kashi 25 cikin ɗari, fulawa kada ta haura kashi 10. Kuma tun 1996 Tarayyar Turai ta hana kowa laƙaba masa sunan Nurembag sai in a cikin birnin aka gasa shi. Da zumar dajin da ke gefen garin kakanninsu suka fara sana'ar, har yau suna tinƙaho da ita. Kuɗinsa dai kada ka kuskura ka juya shi zuwa naira.

To mu fa? Alkaki da dubulan sai an ɗaura aure ake ganinsu, a bokitin roba, babu suna balle ranar da aka yi. Ka tambayi mai zuma ko ya surka da sukari, sai rantsuwa da harara. Cittar Kachia kuwa a buhu muke lodawa, wasu su sarrafa su ci ribar.

Yaya, in Alhaji zai taho a saka min nakiya, mai citta sosai. Kilishi kam kada a wahala, dokarsu ta hana shigo da nama a jaka.