Sharhi kan samfurin jirgin Titanic na haɗawa da hannu, sikelin 1:400

Kwalin ya zo da gangar jirgin a rabe gida biyu, da benaye, da bututun hayaƙi 4, da farfela 3, da kwale-kwalen ceto 20, duk na roba, maƙale a jikin firam. Sai takardar sunaye da tutoci, da ɗan littafin bayani. Babu gam, babu fenti, gara mai saye ya san wannan tun kafin ya biya. Jirgin gaske tsawonsa mita 269 ne, faɗinsa mita 28, don haka samfurin idan ya kammala yakan kai santimita 67 a tsawo, 7 a faɗi. Na sa ma'auni, ya yi daidai.

Ra'ayina a taƙaice shi ne siffar waje ta yi kyau ƙwarai, amma abin da ya nutsar da jirgin ba ya cikin kwalin ko kaɗan. Wanda ya saya don ado zai gamsu. Wanda ya saya don ya fahimci abin da ya faru a daren 14 ga Afrilu, 1912, ko don ya koya wa yara, sai ya ƙara wani aiki da hannunsa.

Kafin komai a wanke sassan da ruwa da sabulu, domin akwai ɗan maiƙo da ke biyo su daga masana'anta, kuma fenti ba ya kama shi. A cire kowane sashe da abin yanke farce, kada a murɗe da hannu, ƙananan karyewa suke yi. Ɓarin gangar biyu ba sa haɗuwa tsaf a wajen hanci, akwai ɗan tazara da sai an bi da sanfefa mai laushi. A shafa gam ɗin roba mai ruwa-ruwa daga ciki, a ɗaure da kyauro wuri biyar ko shida, a bar shi ya kwana. Gam mai kamawa nan take ba na wannan aikin ba ne, yana dusashe robar tagogi ta yi fari fat. Haka kuma kada a bar kwalin cikin mota a rana, benayen sirara ne, zafi yana lanƙwasa su, kuma idan suka lanƙwashe ba za su sake zama a kan ganga ba.

Fenti: baƙi a ganga, ja a ƙasan layin ruwa, fari a ginin sama, bututun hayaƙi ruwan ƙasa mai haske da baƙin kai. Siririn layin rawaya da ke raba baƙi da fari shi ne ya fi wahala, sai da tef. A lokacin hunturu ƙura tana sauka a kan ɗanyen fenti cikin mintuna kaɗan, don haka a kifa kwali a kai da zarar an ajiye burushi. Tagogin ganga ba a huda su ba, alama kawai aka yi. Ƙaramin abin huji na milimita 1 yana wadatarwa, kuma bambancin da yake kawowa ya cancanci wahalar.

Abin da ya fi burge ni shi ne masu samfurin ba su rikita Titanic da yayarta Olympic ba, kuskuren da ya yawaita a hotuna. Kamfanin Harland and Wolff ne ya ƙera su biyun kafaɗa da kafaɗa a Belfast domin kamfanin jiragen ruwa na White Star Line. An fara ƙera Titanic ranar 31 ga Maris, 1909, aka tura ta ruwa ranar 31 ga Mayu, 1911. Hanya mafi sauƙi ta bambance su ita ce barandar benen A (da haruffa ake kiran benayen, daga sama zuwa ƙasa): a Titanic an rufe rabinta na gaba da tagogi, a Olympic kuwa a buɗe take har ƙarshe. Samfurin ya yi wannan daidai. Bututu na huɗu ma sun bambanta samansa da sauran, kuma haka ya kamata, domin ukun farko ne kawai ke fitar da hayaƙin tukwanen tururi 29, na huɗun aikinsa shan iska ne da kwashe hayaƙin kicin. A kula wajen kafa su, dukkansu sun ɗan jingina baya ne, idan aka tsayar da su cak jirgin yakan rasa kamanninsa.

Yanzu ga inda kwalin ya gaza. Cikin gangar fayau yake, alhali labarin duka a nan yake. Jirgin yana da katangun ƙarfe 15 da suka raba cikinsa ɓangarori 16. An tsara shi yadda zai ci gaba da yawo a ruwa ko da ɓangarori huɗu na gaba sun cika. Sai dai katangun ba su kai sama ba, wasu sun tsaya a benen E, wasu a benen D, kuma samansu ba a rufe yake ba. Da ƙarfe 11:40 na dare, jirgin yana gudun kusan kilomita 41 a awa, mai tsaro Frederick Fleet ya hango dutsen ƙanƙara ya buga ƙararrawa. Jami'in da ke kan aiki, William Murdoch, ya yi ƙoƙarin kaucewa, amma gefen dama ya goge dutsen a ƙarƙashin ruwa. Ba yagewa ɗaya babba ba ce kamar yadda ake zato. Farantan ƙarfe ne suka lotsa, kawunan ƙusoshin da ke riƙe da su suka fita, haɗin ya buɗe a wurare da dama cikin tsawon kusan mita 90. Injiniyan kamfanin Harland and Wolff, Edward Wilding, ya ƙiyasta cewa dukan kafofin idan an haɗa ba su wuce murabba'in ƙafa 12 ba. Matsalar ita ce ɓangarori biyar na gaba ne suka fara cika. Hanci ya yi ƙasa, ruwa ya haura katanga ya zuba a ɓangare na gaba, kamar yadda ruwa ke cika fangali ya tsallaka zuwa na kusa da shi. Thomas Andrews, wanda ya jagoranci zanen jirgin kuma yana ciki, da ya duba ɓarnar ya shaida wa Kyaftin Edward Smith cewa jirgin ba zai tsira ba. Da ƙarfe 2:20 na dare ya nutse.

Shawarata ita ce kafin a manne benen sama, a yanka kwali mai kauri guda 15 a kafa a ciki a matsayin katangun, kowanne ya tsaya ƙasa da bakin ganga, sannan a bar benen ba gam domin a riƙa ɗagawa. A waje kuma, a gefen dama ƙarƙashin layin ruwa, a ja ɗan layi da fensir mai tsawon santimita 23 daga wajen hanci. Wannan shi ne mita 90 ɗin. Duk wanda ya ga layin nan kusa da katangun ba ya buƙatar dogon bayani.

Kwale-kwalen ceto ƙanana ne, babba a cikinsu bai wuce santimita 2 da ɗoriya ba, sai da hantsaki, gam kuma a ɗiga da tsinken sakace. Manna su yana taɓa zuciya, domin mutum yana ƙirgawa da yatsunsa. Manya 14 ne masu ɗaukar mutum 65 kowanne, sai 2 masu ɗaukar 40, sai 4 masu naɗewa da ke ɗaukar 47. Jimilla 1,178, ga kuma mutane sama da 2,200 a jirgin. Abin takaicin shi ne ba a karya doka ba. Dokar Birtaniya ta 1894 ta ce jirgin da ya haura tan 10,000 ya ɗauki kwale-kwale 16, ba a kuma sabunta ta ba har aka ƙera jirgi mai tan 46,000 da 'yan kai. Waɗanda ake da su ɗin ma ba a cika su ba: mai lamba 7, wanda aka fara saukewa, ya tafi da ƙasa da rabin abin da zai iya ɗauka, mai lamba 1 kuma da mutum 12 kacal. Littafin bayanin bai nuna wurin masu naɗewar a sarari ba. Biyu suna kan rufin ɗakunan jami'ai, hagu da dama da bututun farko, biyu kuma a gefen kwale-kwalen gaba. Na kan rufin nan sauko da su ya gagara cikin tsari, ɗaya ma a kife ya faɗa ruwa. Jirgin Carpathia ya iso wajen ƙarfe 4 na asuba ya kwashi mutum ɗari bakwai da 'yan kai. Fiye da 1,500 sun rasu, akasarinsu sanyin ruwa ne ya kashe su, ruwan yana ƙasa da ma'aunin daskarewa.

Zaren da aka sa a kwalin don wayoyi ya yi kauri kuma yana da gashi-gashi. A goga masa kyandir, ko a maye gurbinsa da siririn zaren fatsa. Wayoyi huɗu ne ke tsakanin dogayen sandunan gaba da baya, su ne na tangarahon da ma'aikatansa, Jack Phillips da Harold Bride, suka yi ta neman agaji da shi. A ɗaura su a ƙarshe, bayan an gama komai, kada a ja da ƙarfi domin sandunan roba ne, lanƙwashewa suke yi.

Littafin ya ambaci tashin jirgin daga Southampton ranar 10 ga Afrilu da tsayawarsa a Cherbourg ta Faransa da Queenstown ta Ireland, daga nan ya yi shiru. Bai faɗi cewa jirgin ya karye gida biyu ba, abin da wasu da suka tsira suka faɗa tun 1912 amma ba a tabbatar ba sai a 1985, lokacin da ayarin masu bincike ƙarƙashin Robert Ballard da Jean-Louis Michel suka gano gawarsa a zurfin kusan mita 3,800 a Tekun Atlantika, gaba da baya da tazarar kusan mita 600 a tsakaninsu. Wajen karyewar yana kusa da bututu na uku, wanda ke son nunawa zai iya sa alama a nan ma.

Samfurin ba na ƙaramin yaro ba ne shi kaɗai, akwai reza, akwai gam mai wari, akwai sassan da za a iya haɗiyewa. Matashi mai haƙuri tare da babba zai iya. Idan za a ajiye shi a falo, a tanadi akwatin gilashi mai tsawon santimita 75 aƙalla, domin ƙura idan ta shiga tsakanin wayoyin ba ta gogewa sai an tsinka su.