Likita mai son bincike ba digirin digirgir: cibiya ko Kwaleji?

Ƙanwata Dokta, kin ce kin gama hausmanshif, wato aikin horon sabon likita, a asibitin koyarwa na Komfo Anokye da ke Kumasi, ranki na kan bincike, amma kina jin sai mai digirin digirgir ake buɗe wa ƙofa. Ki kwantar da hankalinki. Hanya biyu na sani, kuma duka na taka su.

Ta farko, ki shiga cibiyar bincike a matsayin likitar gwaji. Ga cibiyar bincike ta KCCR nan a harabar jami'ar KNUST a Kumasi, wadda aka kafa a 1997 tare da cibiyar Bernhard Nocht ta Jamus. Akra na da cibiyar Noguchi a Legon tun 1979, Hukumar Lafiya ta Ghana kuma na da nata a Kintampo, Navrongo da Dodowa. Duk rigakafin da za a gwada a jikin mutum, sai likita mai lasisi ya duba mutumin, komai yawan farfesoshin da ke kan aikin. Haka aka gwada rigakafin zazzaɓin cizon sauro na RTS,S a Agogo da Kintampo daga 2009 zuwa 2014.

A irin wannan cibiya na koyi aiki. Na tuna wata uwa da ta kawo ɗanta, wanda ke cikin gwajinmu, da tsakar dare, jikinsa kamar garwashi. Bayan na kwantar da shi sai na zauna cike fom, domin rahoton ciwo mai tsanani a jikin wanda ke cikin gwaji ba ya wuce awa 24. Wannan tsantsenin ba a koyar da shi a aji. Akwai albashi, akwai na gaba da ke gyara miki. Sai dai tambayar da ake bincika ta wani ce, sunanki kan faɗo tsakiyar jerin marubuta, kuma kwantiragi na ƙarewa ranar da tallafi ya ƙare.

Ta biyu, ki bi ƙwarewa a Kwalejin Likitoci ta Ghana ko ta Afirka ta Yamma, inda matakin ƙarshe ke neman kundin bincike. Nan tambayar taki ce. In hawan jinin masu ciki a unguwar Aboabo ta Kumasi ne ke hana ki barci, shi za ki bi. Amma kuɗi daga aljihunki, lokaci kuwa tsakanin kwanan asibiti da kwanan asibiti. Ni a ɗakin ajiyar fayil na yi nawa, cikin ƙura, wasu fayilolin ma shafukansu sun ɓata.

Da ni ne ke, da cibiya zan fara, shekara biyu, sannan in shiga Kwaleji da hannun da ya saba tara bayanai. Kafin ki aika takardar neman aiki, ki yi kwas ɗin GCP, wato ƙa'idojin gwaji a kan mutane. Ana samunsa kyauta a intanet, kuma ba za a bar ki ki taɓa wanda ake gwaji a kansa ba sai da shi.