Makarantar kwana mai nas a ciki ko mai yarjejeniya da asibitin waje?

Hajiya, kin tambaya inda za ki kai 'yarki, to cikin makarantun kwana guda biyun da kika kawo, mai nas da ke kwana a harabar makaranta da wadda ta ce tana da yarjejeniya da asibitin waje, ki kai yarinyar ta farkon. Tunda asma gare ta, ni ban ga abin dogon tunani ba.

'Yata ta biyun ma asma ce da ita, kuma irin makarantar farko take. Akwai daren da ciwon ya taso mata gab da asuba, lokacin sanyi. Kafin ma a neme ni, nas ɗin ta zaunar da ita, ta hana ta kwanciya, ta ba ta inhelar salbutamol, maganin asma na shaƙa, ta cikin sifesa, wato gorar robar nan da ake jonawa a bakin inhela, fesa ɗaya bayan ɗaya. Da ta kira ni, cikin natsuwa ta gaya mini fesa nawa ta ba ta da ƙarfe nawa, ta ce yarinyar ta fara magana ba tare da tana yankewa don jan numfashi ba, kuma da an kai fesa 10 babu sauƙi, da tuni suna hanyar asibiti. Washegari ta sa aka ɗauke gadonta daga bakin taga, ta kuma yi wa malamin wasanni bayani da kanta. Allah ya saka wa baiwar Allahn nan da alheri, ranar ziyara ita nake fara nema in gaisar.

Asma ta fi tashi da dare da kuma goshin asuba, salbutamol kuwa cikin 'yan mintuna yake buɗe hanyar numfashi, in dai akwai wanda ya san yadda ake ba da shi a kusa. Nas ta gari ta san yaro tun kafin ya kwanta, domin tana da fayil ɗinsa. Ta san mai sikila, ta san in zafin jikinsa ya kai 38.5 ba a jiran gari ya waye. Ta san mai farfaɗiya a gefe ake kwantar da shi, ba a cusa masa cokali a baki, kuma in jijjigar ta wuce minti 5 sai asibiti. Farasitamol ma da nauyin yaro take auna shi, kimanin miligiram 15 a kowane kilo, ba ya wuce sau 4 a rana, asfirin kuwa ba ta ba ɗan ƙasa da shekara 16 don zazzaɓi. Inda ake fama da maleriya za ta ɗiga jini ta gwada, sakamako ya fito cikin minti 15 zuwa 20, domin tun 2010 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada kafin a ba da magani. Uwa uba, ita ce za ta ga zazzaɓi da ciwon kai da ƙagewar wuya ta yi zargin sanƙarau, a ɗakin kwanan da yara ke cunkushe.

Ɗaya makarantar, to, asibiti yana da likita da ɗakin gwaji da iskar oksijin, wannan ba musu. Amma wa zai yanke cewa ciwon ya kai a tafi? Matiron ce ko shugabar ɗalibai, sannan a tashi direba, a nemo makullin ƙofa. Da makarantar jeka-ka-dawo ce kusa da asibitin, da na ce babu laifi. Ita ma mai nas ɗin ki tabbatar tana da mota da asibitin da take tura yara, don nas ba likita ba ce.

Ba ki tambaya ba, amma ki yi hattara, wasu masu makarantun 'yan kasuwa ne kawai. Za a nuna miki ɗaki fari tas da gado biyu da wata sanye da fararen kaya, alhali ba ta da rajista, ko kuma tana tashi da la'asar ta tafi gida. Ki ce a nuna miki lasisinta na hukumar rajistar ma'aikatan jinya. Ki koma wata rana ba tare da sanarwa ba, ki ga ko ɗakin a buɗe yake. Ki ɗauki kwalin magani ki duba ranar ƙarewar wa'adinsa, ki leƙa firjin da suke ajiye irin su insulin, maganin ciwon sukari, wanda ke buƙatar sanyin digiri 2 zuwa 8. Ki tambayi wa ke riƙe wurin ranar hutun nas ɗin, da kuma abin da kuɗin lafiyar da suke karɓa ya ƙunsa, a rubuce, don kar a sake kawo miki lissafin magani a ƙarshen zango.

In kin kai ta, ki tafi da inhela biyu da takardar likitanta. Ɗaya a hannun nas, ɗaya a aljihun yarinyar, kuma ki gaya musu tun ranar farko ba ki yarda a kulle ta aljihun a kabad ba.