Garin zoɓo mai rufin ƙaro: abin da na gani bayan mako shida

A farkon damina na sayi gwangwanin garin zoɓo a wani kanti da ke Agege, bayan mai kantin ya ce mini, "Hajiya, wannan ba ya koɗewa ko ya daɗe a ajiye." Duk wadda ta taɓa ajiye busasshen zoɓo a Legas ta san yadda laima ke kashe masa launi, shi ya sa maganar ta ja hankalina.

Jan zoɓo daga sinadarin antosayanin yake fitowa, wanda ke cikin sinadaran tsirrai masu kare ƙwayoyin jiki daga lalacewa, amma zafi da haske da iska suna saurin lalata shi. Dabarar masu wannan gari ita ce a gauraya ruwan zoɓon da ƙaro, irin wanda ake samu daga itacen dakwara a Yobe da Borno da Jigawa, tare da maltodestirin da ake yi da sitaci, sannan a fesa shi cikin iska mai zafi, ta yadda kowane ɗigo zai bushe da ɗan siririn kwanso a jikinsa.

Gaskiya kwanson ya yi aikinsa. Bayan mako shida na zuba cokali biyu a kofin gilashi, ruwan ya yi jajawur nan take, babu tsaki a ƙasa, tsaminsa kuma bai ragu ba, sai dai ƙamshinsa bai kai na wanda aka dafa da citta da kanumfari ba.

Inda ban gamsu ba shi ne rubutun jikin gwangwanin, wai sinadarin yana fita sannu a hankali a cikin jiki. Ƙaro da maltodestirin suna narkewa da zarar sun taɓa ruwa, don haka kariyarsu ta lokacin ajiya ce. Kwanson da ake so ya jure tsamin ciki har ya isa hanji ana yin sa ne da abubuwa irin su aljinet na ciyawar teku. Bai kamata a sayar wa mutane da alkawarin da kayan haɗin ba za su iya cikawa ba. Murfin ma ba ya kamawa sosai, har garin da ke bakin gwangwanin ya fara dunƙulewa, dole na juye sauran a kwalba mai murfin roba.