Karɓar riƙon yaro ta hannun hukuma a Kano: inda tsarin ya yi kyau da inda ya gaza

Mai son ɗaukar riƙon maraya ko yaron da aka tsinta a Kano yana da hanya biyu. Ko dai ya karɓa a ɓoye ta hannun wata unguwarzoma ko wani "na sani", ko kuma ya bi ta Ma'aikatar Mata ta jiha, wadda Gidan Yara na Nassarawa yake ƙarƙashinta. Ta biyun tana cin lokaci, amma ita ce hanya. Tun da aka gano yaran Kano tara da aka sace aka kai Onitsha a 2019, babu mai hankalin da zai raina takarda a sha'anin yaro.

Ga yadda abin yake tafiya. Idan aka tsinci jariri, ana fara kai rahoto ofishin 'yan sanda mafi kusa, galibi da sanin mai unguwa, a kai shi asibiti a duba cibiya da numfashi da zafin jiki, sannan jami'an walwala su karɓe shi. Ba a gaggawar bayar da shi, sai an ba da lokaci ko dangi za su bayyana. Shi kuma mai nema zai rubuta takardar buƙata, a yi masa tambayoyi, a je gidansa a ga inda yaron zai kwana da abin da ake ci, a ji ta bakin matar gida. Dokar haƙƙin yara ta tarayya ta 2003 ta ce mai riƙo ya kai shekara 25, kuma ya girmi yaron da shekara 21. Kano ta samu tata dokar kare yara a 2023. Ƙarshen magana dai kotu ce, kuma kada kowa ya fita da yaro ba tare da takardarta a hannu ba.

Wannan tantancewar ita ce ƙarfin tsarin, kuma ta cancanci yabo. Haka matan da ke raino a gidajen yara. Mace ta goya ɗaya, ta ɗora wani a cinya tana ba shi madara, ƙafarta tana jijjiga na uku, a haka gari zai waye mata. Su ne suka san wane ne ba ya barci sai an shafa masa baya. Mai karɓar yaro ya zauna da su ya tambaya, domin abin da za su faɗa masa ba ya cikin fayil.

Inda mutane suka fi tuntuɓe shi ne hukuncin addini, kuma a nan ya kamata a tsaya a yi bayani tun ranar farko. Riƙo halal ne, lada ne babba, amma Suratul Ahzab, aya ta 4 da ta 5, ta hana jingina yaro ga wanda ba ubansa ba. Saboda haka ɗan riƙo ba ya cin gadon uban riƙo. Gyaran yana da sauƙi idan an yi da wuri: wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba, ko kyauta tun da rai, a damƙa ta a gaban shaidu, domin kyautar da ba a karɓa ba har mai ita ya rasu takan rushe. Gidaje da yawa sun bar wannan sai ranar rabon gado, yarinyar da ta girma tana cewa Baba ta ji asalinta daga bakin magada. Sai batun muharramaka. Idan jaririn bai wuce shekara biyu ba, matar gida ta shayar da shi, ya zama ɗanta na shayarwa. A mazhabar Malikiyya ko sau ɗaya ya wadatar. Idan an bari ya wuce, to da ya balaga hukuncin hijabi ya shigo tsakaninsa da matan gidan.

Kuɗi kuwa, madara ce ke karya mutane. Jariri mai kilo 5 yana shan kusan mililita 750 a yini, wato gwangwani mai giram 400 ba ya wuce kwana huɗu, bakwai ko takwas ke nan a wata. Da aljihu ya yi zafi sai a fara tsinka ta da ruwa, ko a koma koko tun yaro bai kai wata shida ba, daga nan sai rama da gudawa. Ƙa'idar tana jikin gwangwani: yawanci cokalin ciki ɗaya ga mililita 30 na tafasasshen ruwa, a dafa bulumboti, abin da ya rage bayan awa biyu a zubar. A karɓo katin rigakafi tare da yaron, don kada a tsallake allurar sati 6 da 10 da 14 da ta ƙyanda a wata 9. A kuma yi masa takardar haihuwa a Hukumar Ƙidaya, ita ce za ta buɗe ƙofar makaranta da lambar NIN.

Raunin tsarin yana farawa ne daga bakin ƙofa, bayan an miƙa yaro. Bibiya tana buƙatar mota da mai da ma'aikaci mai lokaci, a jiha mai ƙananan hukumomi 44. In babu ziyara, babu wanda zai gane 'yar riƙon da aka mayar 'yar aiki, ana ɗora mata talla 'ya'yan gida suna makaranta.

A nan maganar ta koma Majalisar Dokoki da mambobinta 40. Ana shirya tarukan karrama masu riƙon marayu. Yabon ya dace, sai dai shi kaɗai bai isa ba. Abin da ya fi allon girmamawa shi ne layi a kasafin kuɗi: madarar shekarar farko ga gidan da ya karɓi jariri, sanya kowane ɗan riƙo cikin inshorar lafiya ta jiha (KSCHMA), da kuɗin ziyara duk wata uku wadda jami'i zai zauna da yaron shi kaɗai, ba a gaban mai gida ba.