Shagon uba da ɗa a Agege: ɗinki mai kyau, amma sai mai haƙuri

Duk wanda ya taɓa ba tela ɗinkin Sallah a Legas ya san yadda ake ƙarewa. Kullum "gobe in sha Allahu", har ranar jajibiri a miƙo maka riga zare na lilo a wuya. Shi ya sa na ga ya dace in faɗi abin da na gani a wani ɗan shago a unguwar Hausawa ta Agege, tafiyar ƙafa kaɗan daga gadar Pen Cinema. Babu allon suna a ƙofar, sai dai ka tambayi shagon Bazazzagin nan mai aikin hannu.

Mutum biyu ke riƙe da shi. Akwai tsohon, haifaffen birnin Zariya, wanda ya gaji surfani wurin mahaifinsa. Sai ɗansa, ɗan Legas na sosai, Yarbanci a bakinsa ba gargada, wanda ya yi karatun zane da ɗinki a kwalejin fasaha ta Yaba. Ƙanwar yaron ce ke riƙe littafin masu kawo aiki idan ta taso makaranta.

Babbar riga na kai saboda ɗaurin auren ƙanena, shadda Getzner yadi 10 da na sayo a kasuwar Balogun. Baba ya ɗaga ta a hasken ƙofa, ya murza, ya ce ta gaske ce, sannan ya buɗe littafi ya faɗa mini ranar karɓa, wata guda da 'yan kwanaki. Na ce, "Baba, in na ƙara wani abu ba za a matso da ita ba?" Ya ce, "Ɗana, wanda ke gabanka a littafin nan shi ma kuɗi ya biya." Maganar ta ƙare a nan.

Aikin kuwa ya biya ni. Aska takwas, wato zanen surfani mai tsini takwas kamar asake, suka yi mini a kan aljihu, da tambari, zanen nan mai da'ira, a ƙirjin dama da kuma baya. In kana son gane aikin hannu na kirki, juya rigar ka duba cikinta: tasu ba ƙulle-ƙulle, ba inda yadi ya tattare saboda an ja zare da ƙarfi. Sun aika ta wurin 'yan bugu kafin in zo, ta dawo tana ɗaukar ido. A cikin ledar kuma har da ragowar ƙyallena a naɗe, wanda zai isa 'yar shara ta ƙaramin yaro. Ban tambaya ba. A garin nan mun saba ragowar yadi ta zama hular ɗan tela.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne aikin yaron. Shi ba babbar riga ce sana'arsa ba. Yakan ɗauki askar nan ta kakanni ya ƙanƙanta ta, ya jera a hannun kaftani ko gefen abayar mata, wani lokaci a wuyan agbadar Yarbawa masu anko. A waya yake zanawa, ya sa a Instagram, kuma daga Lekki da Ikeja ake turo masa awo. Ya ce mini da farko Baba bai so zancen makarantar ba, yana ganin abin da ake koya a gindin uba ba ya buƙatar takarda. Mahaifiyarsa ce ta kwashi adashinta ta saya masa keken ɗinki na Butterfly, ta kuma lallashi maigidan. Sharaɗin da Baba ya sa shi ne, ya zana duk abin da ya ga dama, amma ba abin da zai fita daga shagon sai ya bi ta hannunsa.

Na ga sharaɗin da idona. Yaron ya gama wuyan wani kaftani mai ruwan toka, ni dai ban ga aibu ba. Baba ya sa tabarau, ya bi layin da yatsa, ya tsaya a wani wuri ya miƙa masa reza bai ce uffan ba. Yaron ya ce, "To, Baba," ya zauna ya fara farkewa. Mutum mai gemu ne fa, da mabiya a intanet. A ganina wannan ne ya raba shi da sauran samarin da ke kiran kansu masu zanen kaya: hotonsu ya fi kayansu kyau, shi kuwa kayansa sun fi hoton.

Sai dai ba komai ne ya yi mini ba. Shagon matsattse ne, in an ɗauke wuta zafi ya ishe ka, ƙaramin janareton nasu kuma keke kawai yake ja. Yaron ba ya ɗaga waya yana aiki, saƙon WhatsApp ma sai dare. Ɗinkin kekensu na yau da kullum bai fi na kowane tela mai hankali ba, don haka kada ka sha go-sulo saboda jamfa da wando. Baba kuma ba ya son matsattsen ɗinki; in kana son irin na samarin yanzu, ka faɗa wa yaron a gefe, ka kuma maimaita. Kuɗin aikin hannu ya ninka na kwamfuta, kuma ba a ciniki.

Daga Oyingbo ko Yaba, jirgin ƙasan Red Line da ya fara aiki a 2024 yana tsayawa a Agege, ya fi danfo sauƙi nesa ba kusa ba. Ranar Juma'a ba sa buɗewa sai an sauko masallaci. Mai son kayan ƙaramar Sallah ya kai yadinsa tun watan Rajab, don da Sha'aban ya raba sun rufe littafi.